DARASI NA BAKWAI: FASIHAI DA SARAKUNAN YAƘI A SIYASAR TSOHUWAR GIRKA

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya nazarci balaga zai tarar masana suna yawan komawa ga tsohuwar ƙasar Girka, musamman birnin Atina. Girkawa suna cikin al'ummomin farko da suka mayar da iya magana wani fanni mai zaman kansa, ana koyar da shi ana biyan kuɗi, ana kuma rubuta masa littattafai. Abin da ya jawo haka shi ne tsarin mulkinsu. A Atina, shawarar yaƙi ko sulhu, da kashe dukiyar hukuma, da hukuncin kisa, duk a gaban jama'a ake yanke su bayan an tafka muhawara. Ke nan wanda ya iya sarrafa harshe yana iya juya akalar gari baki ɗaya, ko ya kai shi ga tudun mun tsira, ko ya kai shi ya baro.

Wannan darasi zai duba dangantakar da ke tsakanin fasihai masu jawabi da sarakunan yaƙi a Atina, daga shekarar 508 zuwa 318 kafin Miladiyya (K.M.). Ɗalibi ya lura cewa shekarun kafin Miladiyya raguwa suke yi, wato shekarar 480 ta riga ta 430 zuwa.

2.0 MANUFAR DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana tsarin mulkin Atina da matsayin magana a cikinsa;
(b) bambance tsakanin fasihi da sarkin yaƙi;
(c) kawo misalan muhawarorin da suka sauya tarihin birnin;
(d) fayyace rabe-raben jawabi da hanyoyin shawo kan mai sauraro;
(e) amfani da waɗannan darussa wajen koyar da muhawara a aji.

3.0 ƘUNSHIYAR DARASI

3.1 Tsarin Mulkin Atina

Girka ta wancan zamani tarin birane ce masu cin gashin kansu, kowanne da dokokinsa da rundunarsa, duk da cewa harshe ya haɗa su. Birnin Siparta, alal misali, yana da sarakuna biyu a lokaci guda, mutanensa sun shahara da gajarta magana, kuma da ihu suke nuna amincewa a taronsu. Atina kuwa wata hanya ta bi. A shekarar 508 K.M. wani jagora mai suna Kilistinis ya sake fasalin birnin, ya kasa jama'a gida goma, ya ɗora ginshiƙin tsarin da aka kira dimokuraɗiyya. Kalmar ta samu ne daga kalmomin Girkanci biyu: "demos", wato jama'a, da "kratos", wato iko.

Tsarin ya tsaya a kan hukumomi uku. Ta farko ita ce majalisar jama'a, wadda Girkawa ke kira "ekklesia". Daga wannan kalma ce Hausa ta sami "ikilisiya", wadda ma'anarta ta koma taron mabiya addinin Kirista. Majalisar takan zauna a sarari, a kan wani tudu mai suna Finikis, kuma a ƙarni na huɗu K.M. takan zauna sau 40 a shekara. Idan an buɗe taro, sai mai shela ya tambaya ko akwai mai son yin magana. Kowane ɗan gari namiji baligi yana da ikon miƙewa, ko attajiri ne ko maƙeri. Idan an gama sauraro sai a ɗaga hannu. Amma ɗalibi ya sani cewa mata da bayi da baƙi mazauna gari ba su da wannan dama, alhali kuwa su ne mafi rinjayen mazauna birnin.

Ta biyu ita ce majalisar mutum 500, wato 50 daga kowane gida, wadda ke tsara abin da za a tattauna. Ta uku kotuna ne. Kowace shekara akan ware mutum 6,000 waɗanda suka kai shekara 30, daga cikinsu ake ɗibar 201 ko 501 ko fiye su saurari shari'a. Mai ƙara da wanda ake ƙara kowa shi zai yi magana da bakinsa. Akan auna lokacin kowa da tukunya mai huji: da zarar ruwan cikinta ya tsiyaye, magana ta ƙare. Wannan ya haifar da sana'ar rubuta wa mutane jawabi su haddace, wadda wani fasihi mai suna Lisiyas ya yi fice a kai.

3.2 Fasihi da Sarkin Yaƙi

Yawancin muƙaman Atina da ƙuri'ar sa'a ake cike su, wato a zuba sunaye a zaro, wanda rabonsa ya rantse shi ke nan. Amma ba su yarda su miƙa rayukan mayaƙa ga sa'a ba. Saboda haka kowace shekara jama'a kan zaɓi sarakunan yaƙi goma ta hanyar ɗaga hannu, kuma ana iya sake zaɓen mutum ko sau nawa ne. Sarkin yaƙi a nan ba basarake ba ne. Ma'aikacin jama'a ne da za a iya tuɓe shi a tsakiyar shekara, a bincike shi, a ci shi tara, ko ma a kashe shi.

Shi kuwa fasihi, wanda suke kira "rhetor", ba shi da muƙami ko albashi. Duk wanda ya saba miƙewa a majalisa yana kawo shawara, shi ne fasihi, kuma ba shi da wani makami sai harshensa. To, a nan gizo ke saƙar: fasihi ne ke shawo kan jama'a su yanke shawarar yaƙi, sarkin yaƙi ne ke fita ya aiwatar. Idan mutum ɗaya ne ke yin duka biyun, zai auna abin da zai faɗa domin shi zai ɗauki nauyinsa. Idan kuwa mutum biyu ne, ana iya samun wani ya ɗebo da zafi, bakin wani ya ƙone.

3.3 Lokacin da Harshe da Takobi Suke Hannu Ɗaya

A ƙarni na biyar K.M. manyan jagororin Atina sukan haɗa fasaha da jagorancin yaƙi. A wajen shekarar 483 K.M. an gano azurfa mai yawa a ma'adinan Lawriyon, aka kawo shawarar a raba kuɗin ga 'yan gari. Temistokilis ya miƙe ya shawo kan majalisa a ƙera jiragen ruwa na yaƙi da kuɗin. Ba ƙaramin aiki ba ne a sa talaka ya haƙura da kuɗin da ya riga ya sa wa rai. Bayan shekara uku, a 480 K.M., waɗannan jirage ne suka zama ƙashin bayan rundunar da ta karya mayaƙan ruwa na Farisa a Salamis, kuma shi Temistokilis ɗin ne ya jagoranci jiragen Atina. Duk da haka, bayan kimanin shekara goma, jama'a suka kore shi ta hanyar wata al'ada tasu: kowa ya rubuta sunan wanda yake so a kora a kan tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, wanda sunansa ya fi yawa ya bar gari shekara goma.

Wanda ya fi kowa shahara a wannan rukuni shi ne Ferikilis. An zaɓe shi sarkin yaƙi shekara 15 a jere, daga 443 zuwa 429 K.M. Masanin tarihi Tukididis, wanda ya yi zamani da shi, ya bayyana cewa Ferikilis ba ya yi wa jama'a daɗin baki. Idan ya ga sun cika zaƙewa sai ya tsoratar da su, idan ya ga sun karaya sai ya ƙarfafa musu guiwa, kuma an san shi da ƙin cin hanci. A shekarar 430 K.M., da yaƙi da Siparta ya haɗu da annoba, jama'a suka fusata suka ci shi tara. Ba a jima ba suka sake zaɓensa, amma annobar ta kashe shi a 429 K.M.

3.4 Muhawarori Uku

Bayan rasuwar Ferikilis, fasahar magana ta ƙara kasuwa. A 427 K.M. wani malami mai suna Gorjiyas ya zo daga tsibirin Sisili, salonsa ya ruɗa matasan Atina, masu hali suka riƙa biyan irinsa kuɗi mai yawa domin su koyi yadda ake cin muhawara. Misalai uku za su nuna abin da magana ta iya yi a wannan lokaci. Biyun farko daga Tukididis aka samo su, kuma shi da kansa ya faɗi cewa bai riƙe lafazin jawaban daidai ba, ya dai tsara su ne bisa manufar abin da aka faɗa.

(a) Muhawarar Mitilini, 427 K.M. Birnin Mitilini ya yi wa Atina tawaye, aka murƙushe shi. Cikin fushi majalisa ta yanke a kashe duk mazan birnin, a bautar da mata da yara, aka kuma tura jirgi da umarnin. Da gari ya waye sai jikin mutane ya yi sanyi, aka sake kiran taro. Kiliyon, wanda ya kawo shawarar farko, ya dage cewa sassauci zai ba sauran birane ƙarfin guiwar tawaye, har ya zargi jama'a da cewa sun mayar da majalisa wurin kallon gasar magana. Sai wani mai suna Diyodotus ya miƙe. Bai roƙi tausayi ba, domin ya san Kiliyon ya riga ya toshe wannan ƙofa. Amfanin Atina ya sa a gaba: idan aka kashe mai laifi da marar laifi, duk birnin da ya yi tawaye nan gaba zai yi yaƙi har mutum na ƙarshe, tun da ya san miƙa wuya ba zai cece shi ba. Da ƙyar shawararsa ta rinjaya. Aka tura jirgi na biyu, alhali na farko ya ba shi ratar kusan yini da kwana. Matuƙan suna tuƙi suna cin abinci, suna barci bi da bi, har suka isa daidai lokacin da aka gama karanta umarnin farko. Birnin ya tsira, ko da yake an kashe waɗanda aka ɗora wa laifin tawayen.

(b) Muhawarar Sisili, 415 K.M. Majalisa ta amince a tura jirage 60 zuwa Sisili. Nikiyas, dattijo kuma gogaggen sarkin yaƙi, ya ga haɗarin tafiyar. Alkibiyadis kuwa, matashi mai farin jini da kaifin harshe, ya kwaɗaita wa jama'a ganima da ɗaukaka. Da Nikiyas ya ga gargaɗi bai yi aiki ba, sai ya sauya dabara, ya zayyana irin ɗimbin jirage da mayaƙa da guzurin da tafiyar ke buƙata, da nufin jama'a su tsorata su fasa. Dabarar ta juye masa. Mutane suka ce ai idan aka ba shi duk abin da ya lissafa, nasara ta tabbata. Aka fita da jirage 134. Tukididis ya ce waɗanda ba su yarda ba sun yi shiru ne don gudun a ce ba su kishin gari. A 413 K.M. aka hallaka rundunar gaba ɗaya a Sirakus, aka kashe Nikiyas, aka tsare dubban fursunoni a ramukan fasa dutse.

(c) Shari'ar Arginusai, 406 K.M. Rundunar ruwa ta Atina ta ci Siparta da yaƙi, amma guguwa ta hana a ceto mutanen jiragen da suka nutse. Masu zuga suka harzuƙa majalisa, aka kawo shawarar a yanke wa sarakunan yaƙi takwas hukunci da ƙuri'a guda, alhali ƙa'ida ita ce a saurari kowa shi kaɗai. Masanin falsafa Sukurat yana cikin masu shugabantar zaman, kuma shi kaɗai ya tsaya a kan ƙin karya doka. Aka kashe shida da suka dawo gida, har da ɗan Ferikilis. Daga baya jama'a suka yi nadama, amma da na sani ƙeya ce. A shekara ta gaba aka karya rundunar ruwan Atina, a 404 K.M. birnin ya miƙa wuya.

Idan aka dubi waɗannan misalai za a ga majalisa ɗaya ce, ƙa'idar magana ɗaya ce. A Mitilini an ba hujja dama ta biyu. A Sisili mai gaskiya ya bar gaskiyarsa ya koma ga wayo, masu shakka kuma suka kama bakinsu. A Arginusai hayaniya ta danne doka.

3.5 Rabuwar Harshe da Takobi

A ƙarni na huɗu K.M. ayyukan biyu suka rabu. Yaƙi ya zama sana'ar ƙwararru masu daɗewa a fagen fama, majalisa kuma ta koma hannun fasihai waɗanda yawancinsu ba su taɓa jagorantar runduna ba. Mutum biyu ne za su fito da wannan hoto.

Dimostinis (384 zuwa 322 K.M.) maraya ne da waliyyansa suka cinye masa gado, kuma da ƙararsu ya fara magana a kotu. Marubuci Fulutak ya ruwaito cewa da farko furucinsa ba ya fita sosai, sai ya riƙa gwada jawabi da tsakuwa a baki, yana kuma karantawa yana hawan tudu domin ya ƙara ƙarfin numfashi. Daga wajen 351 K.M. ya duƙufa yana gargaɗin Atina game da Filibus, sarkin Makidoniya, wanda ke cinye biranen Girka ɗaya bayan ɗaya. Shi ne ya shawo kan birnin Tibis ya haɗa kai da Atina. A 338 K.M. aka gwabza a Kairuniya, Filibus ya yi nasara, Atina ta rasa mutum kimanin 1,000, aka kama 2,000. Dimostinis ya halarci yaƙin a matsayin soja kamar kowa.

Fokiyon kuwa sarkin yaƙi ne da Fulutak ya ce an zaɓe shi sau 45. Mutum ne mai gajeruwar magana, mai gudun abin duniya, wanda ya san iyakar ƙarfin Atina, saboda haka yakan ba da shawarar sulhu. An ce Dimostinis kan kira shi gatarin da ke sare masa jawabai. An kuma ruwaito cewa wata rana da jama'a suka yi masa tafi, sai ya juya ya tambayi abokansa ko ya yi wata katoɓara ce bai sani ba.

A 330 K.M. abokin hamayyar Dimostinis, wato Aiskinis, ya ƙalubalanci shawarar da aka kawo ta karrama shi da kambin zinariya, yana mai cewa siyasarsa ce ta jefa gari cikin masifa. Dimostinis ya kare kansa da cewa a auna mai ba da shawara da ingancin shawararsa a lokacin da ya ba da ita, domin sakamakon yaƙi ba a hannunsa yake ba. Aiskinis bai sami ko kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'u ba, ya bar Atina. Ƙarshen mutanen biyu bai yi daɗi ba. Dimostinis ya sha guba a 322 K.M. don kada Makidoniyawa su kama shi. Fokiyon kuma mutanen garinsa suka yanke masa hukuncin kisa a 318 K.M. bisa zargin haɗa baki da Makidoniya, yana da shekara fiye da 80. Har yau masana tarihi suna saɓani a kan wanda ya fi gaskiya a cikinsu.

3.6 Ra'ayin Masana Falsafa

Waɗannan abubuwa ne suka sa masana suka tsaya suka yi nazarin magana. Aflatun, almajirin Sukurat, wanda wata kotun Atina ta yanke wa malaminsa hukuncin kisa a 399 K.M., ya ɗauki fasahar 'yan siyasa a matsayin daɗin baki. Ya kwatanta ta da girki mai daɗi a harshe, ya kwatanta ilimi na gaskiya da aikin likita. Almajirinsa Aristotil ya ga cewa fasahar kayan aiki ce da mai gaskiya ma ke buƙata, domin abin kunya ne gaskiya ta faɗi saboda mai ita bai iya kare ta ba. Ya kasa jawabi gida uku:

(i) jawabin shawara, na majalisa, mai duban abin da zai zo, amfani ko cutarwa;
(ii) jawabin shari'a, na kotu, mai duban abin da ya wuce, adalci ko zalunci;
(iii) jawabin biki, na yabo ko zargi, kamar wanda akan yi a jana'izar mayaƙa.

Haka kuma ya kawo hanyoyi uku na shawo kan mai sauraro: halin mai magana, wato yadda jawabinsa ke sa a amince da shi, sosa zuciyar mai sauraro, da kuma hujja. Ferikilis da Fokiyon sun dogara da ta farko, masu zugar Arginusai da ta biyu, Diyodotus da ta uku. An fassara littafin Aristotil zuwa Larabci, malamai irin su Alfarabi da Ibn Rushd suka yi masa sharhi. Sai dai balagar Larabci, wadda Hausa ta aro kalmar daga gare ta, tana da nata tushe da rassa, wato ma'ani da bayani da badi'i, don haka kada ɗalibi ya cakuɗa su.

4.0 AMFANIN DARASIN GA MALAMI

Malamin harshe shi ne ke shirya muhawara a makaranta, kuma sau da yawa akan ba da maki ne ga mai ƙarfin murya da yawan karin magana. Tarihin Atina ya nuna cewa wannan bai wadatar ba. Ya kamata malami ya saba wa yara da tambayoyi uku duk lokacin da suka ji jawabi: Mece ce hujjar mai magana? Wane motsin zuciya yake son tayarwa? Idan aka bi shawararsa ta ɓaci, wa zai ɗauki asarar? Bugu da ƙari, malami ya ware maki domin kawo hujjar abokin hamayya daidai kafin a rushe ta, ya kuma kare yaron da ra'ayinsa ya saɓa wa na aji, don kada a koya masa irin shirun da aka yi ranar muhawarar Sisili. 'Yan kaɗan ne daga cikin ɗalibai za su zama masu jawabi, amma dukkansu za su zama masu sauraro da jefa ƙuri'a.

5.0 KAMMALAWA

A wannan darasi an ga yadda tsarin mulkin Atina ya ɗora al'amuran gari a kan magana, da yadda fasaha da jagorancin yaƙi suka fara a hannu ɗaya kafin su rabu. An kawo muhawarori uku, da rayuwar Dimostinis da Fokiyon, da rabe-raben Aristotil. Abin da ya fito fili shi ne amfanin fasaha ya rataya a kan abu biyu: alhakin da mai magana ya yarda ya ɗauka, da basirar waɗanda ke sauraronsa.

6.0 AUNA FAHIMTA

1. Kawo hukumomi uku na mulkin Atina, ka bayyana aikin kowace.
2. Me ya sa ake zaɓen sarakunan yaƙi da ɗaga hannu maimakon ƙuri'ar sa'a?
3. Wace hujja Diyodotus ya kafa, kuma me ya sa bai roƙi tausayi ba?
4. Yi bayanin kuskuren Nikiyas ta fuskar balaga.
5. Kwatanta ra'ayin Aflatun da na Aristotil game da fasahar magana.

7.0 JINGA

Saurari wani jawabi na Hausa a rediyo ko a wurin taro, ka rubuta shafi biyu kana fayyace rukunin da ya faɗa a cikin rabe-raben Aristotil, da hanyar da mai jawabin ya fi dogara da ita, tare da misalai daga kalmominsa. A kawo aikin a darasi na gaba.